Ranar da Mota Ta Tafi Ta Bar Ki

Zuwa ga Malamata, fitilar ɗakina, inuwar da nake fakewa a ƙarƙashinta tun ƙarfina yana nan har ya tafi ya bar ni,

Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da aka sauke wa dutse daga ƙirji. Ya ruwan sanyin da ke kashe ƙishina, ya iskar nan mai daɗi da ke biyo bayan ruwan farko, kin tashi lafiya? Ƙafar nan taki ba ta kumbura ba? Alhamdu lillahi! Tun jiya bakina bai huta da faɗin kalmar nan ba. Ina faɗa wa bango, ina faɗa wa kofin shayi, har ma'aikaciyar jinyar da kika ɗauko mini ta tsaya ta taɓa goshina ko zazzaɓi ne.

Na ɗauko alƙalami ne domin waya ta kunyata ni. Jiya da la'asar Auta ta manna mini ita a kunne ta ce, "Baba, ga Mama." Da na ji muryarki, duk abin da na tara a baki ya watse kamar tsuntsayen da aka jefa wa dutse. Shekara arba'in da bakwai muna tare, an ce kin ɓace, an ce an gan ki, amma abin da ya iya fita daga bakina shi ne, "To madalla. Kin sha maganinki?" Kin ji tsohon banza! Shi ya sa na zauna zan rubuta, ko da hannun yana rawa, layukan suna gangarewa. Auta za ta ɗauki hoton takardar ta aiko miki. Ta yi alkawarin ba za ta karanta ba, na kuma san za ta karanta. Auta, in kin iso nan, ki ji kunya ki ɗauke idonki.

Tun ranar da kuka tashi, ke da tsofaffin malaman makarantarku, gidan nan ya yi mini girma. Kujerarki tana kallona, ina kallonta. Wa ke gare ni? Abokaina duk sun riga ni, yaran kuma kowa ya kama gabansa. Sai na liƙa takardar tsarin tafiyarku a jikin ƙofar kwaba, na ajiye agogo biyu a kan tebur, ɗaya namu, ɗaya na tura shi gaba da awa biyu ya zama naku. Kin san halin wanda ya yi shekara talatin da biyar yana kula da tashar jirgin ƙasa. Da ƙarfe tara na agogonku in ce, yanzu suna zagaya tsohuwar ganuwa. Da sha ɗaya in ce, yanzu tana hawa matakalar hasumiya tana yi wa gwiwarta faɗa. Haka nake bin ki, ya tauraruwata, kamar yadda a da nake bin jirage a kan jadawali, na san inda kowanne yake ko ban gan shi ba.

Jiya takardar ta ce da safe kuna filin wasanni, da rana gidan tarihi a wani gari. Ina zaune ina mita a raina, me tsofaffi masu furfura za su yi a wurin lilo? Har hoto aka nuna mini na wani ƙaramin jirgi da ke hawa dogo ya kifa da mutane kai ƙasa, babu sigina, babu mai tuta, mutane kuma suna layi don a yi musu haka! Ina cikin wannan sai na ji tsayuwar mota, Auta ta shigo da rigar aikinta, da tsakar rana, lokacin da ba ta taɓa zuwa ba. Ta durƙusa a gabana ta kama hannuna. Ta ce, "Baba, kada ka tayar da hankalinka. Jagoransu ne ya kira. Sun isa gidan tarihi, ba su ga Mama a mota ba."

Wayyo, Malama! Ina ma za ki ga yadda ɗakin ya juya da ni. An kira wayarki, sai ta yi ƙara a cikin jakarki, a kan kujerar motar. Fasfonki yana ciki, maganinki yana ciki. Ke kaɗai, a ƙasar da ba ki jin harshensu ko na gaisuwa, cikin dubban mutane, da ciwon sukari, da ƙafa ɗaya mai gardama. Na kalli agogonku, na kalli takardar, a karo na farko ban san inda kike ba. Awa uku na yi a haka. Ban taɓa sanin awa uku suna da tsawo irin wannan ba.

Amma ba ɓatanki kaɗai ke cina ba, kin kuma san abin da zan faɗa.

Ranar da za ki tafi, kin tsaya a bakin ƙofa da akwatinki, kin sa gyalen nan mai ruwan toka, kika ce, "Mai Tasha, zan tafi." Ni kuwa na ɗaga jarida na rufe fuskata, na ce, "Ki sauka lafiya. Ai dama kin gaji da jinyata." Kika daɗe a tsaye. Ina jin numfashinki. Sannan kika ja ƙofa a hankali, don kada ƙararta ta dame ni. Ni da na yi rayuwata ina ɗaga wa baƙi tuta, ina yi wa mutanen da ban sani ba fatan sauka lafiya da fuska a sake, ban iya taka sanda na raka matata zuwa bakin titi ba. Tun daga ranar duk kiran da kika yi, sai in amsa da "lafiya lau" in miƙa wa mai jinya wayar. Girman kai ne kawai, wallahi, da kishin cewa za ki yi dariya a wurin da ba ni.

To jiya, a cikin awa ukun nan, maganar nan ce ta zauna a ƙirjina. Na ce, ya Allah, shi ke nan abin da za ta tafi da shi daga bakina? Matar da ta yi shekara uku tana ɗaga ni tana kwantarwa tun da na faɗi, tana aske mini gemu, tana yanka mini farce, tana haƙuri da faɗana idan shayi ya huce? Wadda ba ta taɓa neman hutu ba sai wannan na kwana goma sha biyu, shi ma sai da yara suka matsa mata? Gajiya! Ke da kike kamar kogi, ana ɗiba ana ɗiba ba ya cewa ya isa. Na yi kuka a gaban 'yata, ba zan ɓoye miki ba. Ta rasa yadda za ta yi da ni, sai ta shiga wanke kwanukan da an riga an wanke.

Sai daga baya na ji yadda abin ya faru, daga bakin aminiyarki Malamar Lissafi, wadda ta aiko da saƙon murya tana kuka tana dariya. Ashe tun kwana na biyu kika ƙwace wa jagoranku aikinsa. Ya za a yi ki bari? Shekara nawa kina tsaye a ƙofar mota kina ƙirga kawunan ɗalibai? Kullum ke ce a bakin ƙofa, ki taɓa kafaɗar kowa, ki dafa ƙirjinki ki ƙirga kanki a ƙarshe, ki ce, "An cika, direba." Har direban da ba ya jin harshenmu ya haddace kalmar. Jiya ma kin ƙirga, ashirin da huɗu cif, kin ce an cika. Sai kika hango sandar aminiyar taki a kan benci, kika sulale ta ƙofar baya don ki ɗauko mata. Direba ya ji an cika, ya ja mota. Tsofaffi sun gaji da lilo, kowa ya jingina ya yi barci. Mota cike da malamai, har da malamar lissafi, babu wanda ya ƙirga! Sai da suka yi tafiyar awa biyu, suka sauka, suka tsaya suna jiran a taɓa kafaɗarsu, sannan suka ga babu mai taɓawa.

Kin tuna ranar da na fara ganinki? Kin kawo 'yan ajinki su ga jirgi, kin jera su a bakin dogo, rana tana dukan fuskarki, kina ƙirgawa da sauri. Ni ina tsaye a ƙarshen layi na sunkuya ina ɗaure igiyar takalmi. Kika dafa kaina kika ce, "Talatin da ɗaya," kika tsaya kina mamakin inda ƙarin ya fito. Da na ɗago da hular aiki a hannu, kunya ta kama ki har kika rufe fuska da rajista. Ni kuwa jirgin ƙarfe huɗu ya shigo ya fita ban san ya zo ba. Jiya ina hawaye, da wannan ta faɗo mini, sai na ji ina murmushi.

Ke kuma fa, ya kurciyata, me kika yi da kika juyo kika ga bayan mota? An ce kin koma kan bencin kin zauna, da sandar mutane a hannu, domin abin da kika koya wa yara ke nan: wanda ya ɓace ya tsaya inda aka bar shi. An ce wata ma'aikaciyar wurin ta lura da ke, ta kawo miki ruwa da abin taɓawa, kuka yi hira da hannu da ido. Su kuwa mutanenki da suka dawo, filin yana da ƙofa huɗu, suka tsaya a wata dabam suna ta kiran sunanki. Sai matar nan ta nuna miki babban lilon nan mai kama da ƙafar keke, wanda ke ɗaga mutum sama da rufin gidaje, ta nuna idonta, ta nuna titi. Ke da ba ki iya hawa kujera ki sauya ƙwan fitila! Kika hau. Sau uku kika zagaya, a na uku kika hango motarku can a ƙofar gabas, da tsofaffi suna kai da komo kamar kaji. Ba su suka gan ki ba, ke kika gan su. An ce da aka kawo ki a ƙaramar motar wurin, kafin kowa ya rungume ki, cewa kika yi, "Ku shiga layi."

Kai, Malama! Wace irin mace Allah ya ba ni? Da Auta ta ce an gan ki, ji na yi kamar ƙasar da ta tsage da fari aka sako mata ruwa. Ƙafafuna da ba su ɗaukata sun ɗauke ni har taga ba sanda. Na ga titinmu, na ga mai gyaran takalma a inda yake kullum, na ji kamar in ƙwala masa kira in ce an ga matata. Na ci abinci har na nemi ƙari. Duniya ta dawo daidai, agogo biyu suka ci gaba da tafiya.

Yanzu ga roƙona, ki saurare ni da kyau. Na ji Auta da yayanta suna shawara a waya za su sauya miki tikiti ki dawo gobe. Na kuma ji an ce kin amsa, kin ce dama hankalinki yana kaina, kin ce wataƙila bai kamata ki taho ba tun farko. Na san inda wannan maganar ta samo tushe. Daga bakina ta fito, ranar da na ɓuya a bayan jarida. To na janye ta. Ƙarya na yi, na kuma san ƙarya ce tun tana kan harshena. Ba ki gaji da ni ba, ni ne na ji tsoron kwana goma sha biyu babu ke, na rasa yadda zan faɗa, sai na cije ki. Ki yafe mini, ya sanyin idona, ki yafe wa tsohon da ya iya rubutu bai iya magana ba.

Kada ki dawo gobe. Saura kwana shida, naki ne, kin biya su da shekaru. Ki je ki ga gidan tarihin da kika rasa, ki tsaya a gaban kowane gilashi ki karanta har jagora ya gaji. Ki ga tsohuwar gadar da kike ta ba ni labari tun kafin ku tashi, ki shiga kwalekwalen, ki sa hannu a ruwan. Ranar Laraba takarda ta ce akwai wani filin wasannin kuma. Ki hau dokin katako, ki hau lilo, ki yi dariya har gyale ya zame. Jirgin nan mai kifa mutane ne kawai ban yarda ba, wannan kam ko a aiki ba zan ba shi hannu ba. Wayarki ta zauna a jikinki, ba a jaka ba. Sandar kowa ta faɗi, mai ita ya ɗauka.

Ni kada ki damu da ni. Ina shan magani a kan lokaci, na daina yi wa mai jinya faɗa, ko dai na rage. Kewa kam tana nan, ba zan yi miki ƙarya ta biyu ba. Tana tashi da ni, tana zama da ni a tebur. Amma tun jiya na gane kewar wanda ka san inda yake abu ne mai sauƙin ɗauka.

Ba na buƙatar ki rubuto amsa, idonki ba ya son ƙananan haruffa. Idan gobe na ji mota ta tsaya na gan ki da akwati, zan san har yanzu maganata tana miki ciwo. Idan kuwa gobe ta zo ta wuce, ƙofar nan ba ta buɗe ba, kujerarki tana nan babu kowa, zan san kin yafe. Ban taɓa roƙon Allah ya bar ni ni kaɗai ba sai yau.

Naki ne ni tun ina da baƙin gashi, naki ne yau da hannu ke rawa, naki ne kuma a duk abin da ya rage mini na kwana,

Mijinki.