Na Ƙwanƙwasa Katakon Jirgin

Zuwa ga ɗana na fari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka a duk inda Allah ya ajiye ka. Mu nan gida lafiya muke. An yanke gero, dawa ce ta rage a gona. 'Yarka Ummi, wadda ka tafi ka bari a ciki, ta shiga aji ɗaya. Ni ce mahaifiyarka nake rubutawa da hannuna, da ɗan bokon da na samu a firamare. Ƙanwarka Saratu ta ce in tura mata hoton takardar, za ta sa a waya inda jama'a suke karantawa. Da can da kunya ta hana ni. Yanzu su karanta.

Shekara biyar ke nan rabonmu da muryarka. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar matarka Rabi. Sau uku mahaifinta yana takowa daga Shanono, ya zauna a zaure ya roƙa a bari a je gaban alƙali, a tabbatar ba ka raye, yarinya ta samu ta yi aure. Sau uku ina aika masa cewa muddin ina numfashi babu mai zuwa. Baffanka Sule ya ce mini, "Ke kike riƙe da igiyar auren yarinyar nan, ba shi ba." Na yi wata biyu ba na amsa gaisuwarsa.

Ka san abin da na riƙe? Maganarka ta ranar ƙarshe.

Ranar muna sussuka a tsakar gida, mata sun cika. Rabi ta fito da gudu da waya a hannu, tana cewa ga ka daga Libiya, gobe za ku hau ruwa. Ta miƙo mini. Na dubi matan nan, duk sun tsaya da taɓarya suna kallona. Kai ɗan fari ne. Tun da na haife ka ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa yi maka wasa a gaban mutane ba, haka muka tarar ana yi. Sai na kawar da kai na ce, "Ce masa Allah ya tsare." Na ci gaba da daka. Ta buɗe muryar wayar, na ji ka kana dariya kana cewa, "Ku gaya wa Inna jirgin na katako ne. Na ƙwanƙwasa shi da hannuna, lafiyayye ne."

Da wannan na rayu. Na ce masassaƙi ɗan masassaƙi ba zai yi kuskuren ice ba. Tun kana ƙarami marigayi babanka yake kama hannunka ya sa ka buga gungume da bayan yatsa. In ya amsa a taƙaice, lafiyayye ne. In ya amsa kamar ganga, akwai rami a ciki, a bar shi. Ka fi shi kunne ma, shi da kansa ya faɗa. Ba don icen kirya ya ƙare a ƙasar Kunci ba, har kana yini a kan babur kana neman gungumen turmi ɗaya, ga gonar gado kuma an raba ta ta koma kamar tabarma, na san da ba ka tafi ba.

To, bara aka tura mijin Saratu, Malam Nura, ƙaro karatu Ingila. Saratu ta haihu a can, aka yi mata aiki, babu mai yi mata wankan jego, suka yi ta fama har aka samo mini takarda na je. Da muna sama Malam Nura ya riga ya gaya mini za mu bi ta kan tekun da ka hau. Ban leƙa taga ba. Abin da ka sayar da babur ka ratsa sahara dominsa, ni na tsallake shi ina zaune, ana miƙo mini shayi.

Bayan an yi arba'in suka ce sai sun fita da ni na ga gari. Suka kai ni wani garin bakin ruwa inda aka ajiye tsohon jirgin yaƙi na kakannin Turawa, duk na katako. Ba a cikin ruwa yake ba, an janye shi cikin wani rami an tokare shi da ƙarafa. Tsayinsa ya fi masallacin Juma'ar Bici. Na tsaya a ƙasansa na ce ashe ice yana kai haka.

Ta wata 'yar ƙofa a gefe muka shiga. Abin da ya fara tarar ni wari ne, na kwalta da tsohuwar igiya. Rufin ƙasa-ƙasa yake, Malam Nura ya buga goshinsa sau biyu, Saratu tana yi masa dariya tana cewa dogo ya ga ta kansa. Azarorin da suka riƙe rufin, ko ka zagaye ɗaya da hannu biyu ba za su haɗu ba. Na ga sawun gizago a jikinsu, sara bayan sara, irin wanda kake bari a cikin turmi kafin ka goge. Wani ne ya tsuguna ya yi wannan, kamar kai.

Igwa ce jere dama da hagu, kowace a kan keken katako, an ɗaure ta da igiya mai kaurin damtse, bakinta a wata ƙaramar taga. A gefenta ga dunƙulen ƙarfe kamar ƙananan kabewa. A tsakanin igwa da igwa mayaƙan jirgin suke cin abinci, a nan kuma suke kwana. Ba gado. Wani ƙyalle mai kauri suke ɗaurewa a azara su shiga ciki, kamar goyo. Wani tsoho Bature mai hula shi yake zagayawa da mu, yana magana Malam Nura yana juya mini. Ya ce in mutum ya mutu a tsakiyar ruwa, a cikin wannan ƙyallen ake ɗinke shi, a sa masa ƙarfe a ƙafa, a zura shi teku. Na tambaya, to uwarsa fa? Ya ce sai jirgi ya dawo take ji, wani lokaci bayan shekaru. Na ce a raina, ita ai jirginta ya dawo.

Muka ga ɗakin shugabansu, mai tagogin gilashi da tebur mai sheƙi. Ban daɗe a nan ba.

Muka yi ta sauka ta matakala mai tsayi, ina riƙe da igiya, zanina yana harɗe ni. Hawa na ƙasa babu taga ko ɗaya, sai 'yan fitilu. Ga gangunan da suke zuba ruwan sha, ga teburin da likita yake yanke ƙafar wanda aka harba, har zartonsa yana nan. Tsohon ya ce inda muke tsaye, in jirgi yana tafiya, ruwa yana saman kanmu. Na ɗaga kai na duba. Katako ne kawai tsakanin mutum da teku.

An rubuta kada a taɓa komai, Saratu ta karanta mini tun a ƙofa. Na taɓa. Na lanƙwasa yatsa na ƙwanƙwasa bangon, yadda na sha ganin kuna yi. Ya amsa a taƙaice, ƙwal, kamar na bugi dutse. Ban taɓa jin ice mai lafiya irin wannan ba. Raina ya yi fari. Na ce wa Malam Nura ya tambayi tsohon, irin wannan jirgin ai ba ya nutsewa ko? Tsohon ya girgiza kai. Ya ce 'yan'uwansa da yawa, har waɗanda suka fi shi girma, suna ƙasan teku da mutanensu a ciki.

Malam Nura ya ce, "Inna, mu hau sama, iska ta yi kaɗan a nan." Na ƙi. Na ce ya tambaye shi, jiragen da yaranmu suke hawa daga Libiya, kaurin katakonsu ya kai wannan? Bai so tambaya ba, na rantse masa sai ya tambaya. Tsohon ya dube ni, ya cire hularsa. Ya buɗe hannuwansa biyu ya nuna kaurin bangon da na buga. Sannan ya ɗaga yatsu biyu a haɗe, ya nuna naku.

Yatsu biyu, ɗana. Ƙyauren ɗakina ya fi shi kauri, kai ka sassaƙa shi.

A nan na gane. Ba ka yi kuskuren ice ba. Ka ƙwanƙwasa, ka ji abin da ya amsa maka, ka san abin da za ka hau. Don ni ka faɗi abin da ka faɗa, kana dariya, don in yi barci. Kai ka kira don ka ji muryata kafin ka shiga, ni kuma na kawar da kai saboda matan da yau rabinsu ba su ma tuna ranar ba.

Na dafa bangon nan na kira sunanka. Sau uku, da ƙarfi, a can cikin jirgin mutanen da ba su san ka ba. Saratu ta tsuguna da jariri a baya tana kuka, ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunan a bakina ba. Babu abin da ya amsa. Wasu Turawa suka raɓa ta gefenmu a hankali suka wuce.

Na dawo gida wata biyu da suka wuce. Na aika aka kira mahaifin Rabi, na fito zaure da kaina na ba shi haƙuri. Ranar Litinin Baffanka Sule zai raka su wajen alƙali. Rabi ta zo ɗakina ta durƙusa, na ce mata ta tashi, ba ta yi wa kowa laifi ba, ni ce na tsare ta shekara biyar a kan maganar da ba ta kama ƙasa ba. In ta gama takaba za ta tafi. Ummi za ta bi ta, yarinya ba ta rabuwa da uwarta. Ranar Juma'a za a yi maka addu'a, zan toya waina a raba. Kada ka ga kamar na sallama ka da sauƙi.

Turmin da ka fara ka bari rabi yana nan a bayan rumbu, na lulluɓe shi da buhu saboda ruwa. Jiya na buɗe na ƙwanƙwasa shi. Lafiyarsa ƙalau. Mai ƙarasa shi ne babu.

Ban san inda zan fuskanta in zan gaishe ka ba. Babanka ina wucewa ta gefen maƙabarta in yi masa sallama. Kai ba a ɗinke ka a ƙyalle ba ma.

Ya Allah, Kai ka san ƙasan teku kamar yadda ka san tsakar gidana. Ka sa ruwan da ya rufe ɗana ya zama wankansa, ka sa bai daɗe yana wahala ba. Ka yafe masa maganar da ya faɗa don ya kwantar mini da hankali, kada ka rubuta masa ita a ƙarya. Ka haɗa shi da babansa. Ni kuma ka yafe mini wayar da ban karɓa ba.

Isiyaku. Isiyaku, ɗana. Ga shi na rubuta, kowa ya gani.

Mahaifiyarka,
Inna