Ranar da Na Bar wa Hadiza Ragamar Aiki

Yaya A'i,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya ƙafar taki, ya Malam da yara? Mu nan garin Isa lafiya lau.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Bana na ƙudura ɗalibaina na aikin jinya su koyi tafiyar da aiki da kansu. Ranar Laraba na kai su wani ƙaramin asibiti wajen Gangara, na ba Hadiza, mafi shiru cikinsu, shugabanci. Mata sunka cika rumfa, ga wata Bafulatana can ƙarshen layi da jariri ya galabaita da zawo. Na tashi, na zauna, na sake tashi. Hadiza ta ce, "Malama, don Allah ki bar mini." Ta janyo matar gaba, ta sa ɗaya cikin ɗaliban haɗa ruwan gishiri da sukari, ta raba wa sauran aiki. Ashe da kanta ta karanta yadda ake tantance marasa lafiya. Kafin la'asar jaririn ya kama nono.

Mako mai zuwa za ni kai su Unguwar Lalle, waje za ni zauna. Ki taya ni addu'a in iya riƙe bakina. Ki gaishe mini da Hajiya.

Ƙanwarki,
Saratu