Amsar da Yayanki Ya Buga da Turanci

Gwaram, ranar Talata

Ya ke Zahara'u, ruwan farko bayan doguwar bazara, inuwar ɗorawa ga wanda rana ta dafa, ƙanshin sabon gero ranar sussuka! Sallama gare ki, da gaisuwar da ta taso daga Gwaram ba ta tsaya a tasha ba sai ƙofar ɗakinki.

Baffana Musaddiq ya dawo. Kin san shi na tura Birnin Kudu da dattawa biyu daga Kwandiko, su nema mini aurenki wurin yayanki, Alhaji Abdulsalami. Sun tafi da goro, sun dawo da ambulan. Tun da nake ban taɓa jin an amsa neman aure da takarda mai lamba da kwanan wata ba, amma mutumin da ya shekara talatin da biyar a ofis, ritaya ba ta raba shi da biro. Baffa ya miƙo mini yana cewa, "Kai ne Baturen gidan nan, karanta mana. An ba mu ne ko an hana mu? Mu dai mun sha lemo." Na goge tabarau na duba. Layi ɗaya ne tak, da Turanci: wai maganar an yi mata "suspend" har sai an sake jin sanarwa.

Wayyo, tauraruwata! Shekara ashirin da huɗu ina koya wa 'ya'yan mutane kalmomin da Bature yake hana abu faruwa da su, ina zana su a allo, ashe wata rana a kaina za a gwada su!

Da "prevent" ya rubuta, da na yi dariya, don ita rigakafi ce, tare abu tun bai tsiro ba. Wannan dama ta wuce shi tun bara, kuma da ƙafarsa ya kawo ki. Kin tuna layin ganin likitan ido a asibiti? Kin rako shi, ni kuma ina ta nesanta katina ina kusantowa, na kasa ganin lambata. Kika karɓa kika karanta mini, kika ce, "Malam, kai mai koyar da karatu, yau kai ake karanta wa?" Shi yana gefe yana gyangyaɗi. A nan ne wurin rigakafi, ya yi barci a bakin aiki.

Da "stop" ce, ita ta abin da ya riga ya taso ce, kamar motar da aka ɗaga wa hannu a shinge. Wa ya taɓa ɗaga wa ruwan Agusta hannu ya tsaya? "Prohibit" kuwa tana son hukuma da hukunci, shi kuma ya yi karatun addini, ya san bazawara ita ke da bakin maganarta. Ba zai sa hannu a abin da liman zai warware kafin la'asar ba. Ko "postpone" da na gode masa, don ɗagewa ce mai rana, mutum ya kafa wa kalanda ido. Kai, ko "cancel" tana da mutunci: a soke, ka yi kukanka, ka wanke fuska.

Amma "suspend"! Wannan ita ce sandar mutanen ofis, masu tsoron cewa i, masu kunyar cewa a'a. Ratayewa ce, kamar zangarniyar iri a rufin ɗaki. Ita zangarniya ma ta fi ni gata, ta san damina na zuwa. Ni shekarata hamsin da biyu, furfura ta ci rabin gemu, tun rasuwar iyalina nake shan shayi ni kaɗai da rediyo. Wace sanarwa zan jira? Ta busa ƙaho?

Ban ga laifinsa ƙwarai ba. Shekara uku kina gidansa tun rasuwar mijinki. Wa ya iya miya babu gishiri amma ta ciwu, in ba ke ba? Wa ke tuna masa maganin hawan jini? Ni ma da ƙanwata ce ke, da na buga takarda biyu.

To ga abin da aikin gwamnati ya koya mini, farin watana. Ƙarin girmana ya taɓa kwanciya shekara shida cikin fayil. Na rubuta tuni har biro ya ƙare, shiru. Bai motsa ba sai da wani na ciki ya maƙale shi a hammata ya dire a teburin mai sa hannu. Fayil ba ya tafiya da ƙafarsa, kuma na waje ba ya tayar da shi. A wannan ofishi ba ni da na ciki sai ke. Ranar da kika kai masa tuwo, ki ajiye takardar tasa, ga ta nan na haɗo miki, kusa da kwanon miya, ki zauna, ki ce, "Yaya, sanarwar ce ta zo." Ki gaya masa daga Gwaram za a riƙa aiko miyar duk Juma'a, ni zan riƙe kwanon a cinya cikin mota.

Saura abin da na bari ƙarshe. Yau kwana tara wayarki tana ringi ba ki ɗauka. Wani tunani yana zuwa mini a tsakiyar darasi har alli ya tsaya: kada dai shi ya buga, amma ke kika ce a buga, don kin ji nauyin furfurata. In haka ne, Zahara'u, don Allah kada ki bar ni a bakin Bature. Ki faɗa mini da Hausa, da muryar da kika karanta mini lambata. Zan ɗauka, ba za ki ji na yi ƙorafi ko a bakin masallaci ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko zan zauna a dakalin ƙofar gidanku, da sabon tabarau. Baffa ya ce goronsa bai bushe ba tukuna, amma kada in yi masa sanya.

Ni ne wanda ba a tare ba, ba a tsayar ba, an dai rataye, kuma a igiyarki zai ci gaba da lilo har ki sauke shi ko ki yanke,

Malam Saifullahi