Mayar da Jirgina Ruwa

Ƙanena Frane,

Gaisuwa mai yawa. Yaya iyali, yaya mutanen Murter?

Ina lafiya a Munich wajen 'yata Lucija. Ƙuguna ya warke, hannun hagu ne kawai ke ɗan rawa. Duk Lahadi nakan tuƙa ɗan jirgi mai tafiya da iska a tafki, Lucija na baki tana ihu, "Baba, zauna!" Ni da na shekara hamsin a teku!

An ce ka janye jirgina tudu, wai ai ba zan ƙara hawansa ba. Haba Frane! Katako ne, in ya bushe zai tsattsage. Mayar da shi ruwa kafin Ista. Ni an riga an shanya ni a nan, kar ka haɗa da shi.

Allah ya bar zumunci.

Yayanka,
Jere