Takarda ta Saba'in da Uku

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya raba ki da ciwon bayan nan da kike ta fama da shi. Mu nan lafiya lau. Baba yana shago kullum, ƙafar ta yi sauƙi, sai dai har yanzu ba ya jin maganar likita a kan zaman keken ɗinki. Gwaggo ta zo ta kwana biyu ta koma. Za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga wadda ke kiranki kowane mako. Sau uku na ɗauki waya in faɗa miki, ina ajiyewa. Shi ya sa na rubuta, zan ɗauki hotonta in tura miki. Don Allah ki karanta har ƙarshe kafin ki kira ni.

Yaya, na yi abin kunya, kuma tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba. Kin san a shekarar ƙarshe ta karatun tattalin arziki kowa sai ya yi aikin bincike. Ni na zaɓi in duba yadda 'yan kasuwa masu kayan miya ke sauya farashi idan kuɗin mota ya tashi, kuma na zaɓi kasuwar da Mama ta zauna, tunda a ƙarƙashin teburinta na girma. Malamin da ke duba aikina, wanda muke kira Dakta, ya ce sai na cike takardun tambayoyi ɗari da ashirin, in ba haka ba lissafin ba zai tsaya ba. Mako uku ina yawo a kasuwar nan. Tsofaffin da suka san Mama sun zaunar da ni sun amsa mini. Sauran kuwa, suna ganin takarda da biro sai su ɗauka 'yar haraji ce. Wata ta juya mini baya, wani ya ce in ba saye zan yi ba in matsa masa daga gaban kaya. Ranar miƙa aiki ta matso, takardu arba'in da uku kawai na cike.

Abokiyar ɗakina, wadda muke tsokana da Lauya saboda bakinta, ta yi mini dariya ta ce kowa ma haka yake yi, in sayi biro kala uku, in riƙa sauya hannu, in ɗan cukuikuye takardun su yi kamar sun sha kasuwa. Ba zan ɗora mata laifi ba, ni na zauna da hankalina. Wata Asabar da rana na baje su a kan katifa na fara ƙirƙiro mutane. Da na kai ta saba'in da uku ƙaryata ta ƙare, kaina ya ɗau zafi. Sai kawai na rubuta mace mai sayar da albasa, na ba ta amsoshin Mama. Kin tuna yadda take cewa ita ba ta ƙara farashi, sai dai ta zare albasa ɗaya daga kowane kashi, don mai saye yana riƙe farashi a kansa amma ba ya ƙirga albasa? Kin tuna kuma in ta ga mace da goyo da wani a hannu, sai ta mayar da ɗayar a ɓoye? Haka na rubuta, kalma da kalma. Har kuka na yi, na share hawaye na ci gaba da ta saba'in da huɗu.

To, wannan takardar ce ta kama ni. Dakta mutum ne da ba ya yabo, in ya ce ba laifi sai ka yi murna. Amma da ya zo kanta ya cire tabarau ya ce wannan matar ta fi rabin littattafan da ke ofishinsa fahimtar kasuwa. Ya sa na sake gina babi na huɗu gaba ɗaya a kan maganarta. Bai tsaya nan ba, ya tura aikin wata cibiyar bincike da ke ɗaukar sababbin masu digiri biyu kacal a shekara, suka kira ni ganawa. Kin ji murnar da na yi miki a waya ranar, ashe ramin kaina nake wa guɗa. Jiya ya tare ni a baranda yana fara'a, ya ce shugabar cibiyar tana so ta ga matar da idonta kafin ganawar, ranar Alhamis ƙarfe goma in same su a bakin ƙofar kasuwa in kai su rumfarta. Na ce to. Ban san yadda na sauko daga benen ba. Wurin wa zan kai su? Matar da suke nema shekararta bakwai a ƙasa.

Tun jiya ban iya haɗiye komai ba sai ruwa. Ko sunana aka kira a aji sai in ɗauka asirina ne ya tonu. Bara an kori wani a sashenmu a kan irin wannan, saura wata biyu ya gama, an manna sunansa a allon sanarwa, kuma na tsaya na karanta har ina girgiza kai. Lauya ta ce abu mai sauƙi ne, in samo wata mai albasa in koya mata abin da za ta faɗa. Yau da safe na je kasuwar da wannan niyya, Allah ya yafe mini. Wurin Mama yanzu wani mai bokitan roba ne a ciki. Inna mai barkono, maƙwabciyarta, tana nan inda kika san ta. Ta riƙe hannuna ta ce na rame, ta ce da uwata na raye da ta ga 'yarta ta zama babbar ma'aikaciya. Na buɗe baki in roƙe ta, na kasa. Ta yaya zan ce wa wannan tsohuwa ta ari bakin Mama ta yi mini ƙarya da shi? Na gaishe ta na fito.

Ga abin da na yanke. Ranar Laraba da safe zan je ofishin Dakta da takardun nan arba'in da uku na gaskiya a hannu ɗaya, sauran a ɗaya hannun, in faɗa masa komai. Zan gaya masa ta saba'in da uku maganar gaskiya ce, amma mai maganar uwata ce kuma ta rasu. Ban san me zai yi ba. Yana iya ba ni dama in sake aikin in ƙara shekara, yana iya miƙa ni ga kwamitin ladabtarwa, shekara huɗu su tafi a banza. Aikin cibiyar dai na cire rai. Ba jarumta ba ce, wallahi. Kawai na ga in na kai su kasuwa, ƙarya ta biyu sai ta fi ta farko muni.

Abin da ya fi tsorata ni ba Dakta ba ne, Baba ne. Duk wanda ya shigo shago sai ya ji labarin cewa autarsa za ta yi aiki inda ake ba gwamnati shawara. Ya ajiye ɗinkin mutane yana yi mini kayan zuwa ganawa, ya gwada ni sau biyu, ya warware hannun rigar ya sake don wai bai zauna ba. Ba zan iya kallon idonsa in faɗa ba. Ke yake jin maganarki. Ki taimake ni ki kira shi ki faɗa masa ranar Laraba bayan azahar, lokacin na fito daga wurin Dakta. Ki yi mini faɗa yadda kike so, na cancanta, amma ki fara yi mini addu'a.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Babban Yaya in kun yi waya, amma kada ki gaya masa tukuna, kin san zuciyarsa. Ki shafa mini kan yara, Sarkin Ɓarna da takwarar Mama. Ina gaida surukarki da jiki.

Ɗazu Baba ya aiko mini cewa rigar ta kammala, maɓallai kawai suka rage, in zo in zaɓi kalar da nake so. Na ce masa sai Laraba.

Taki har kullum,
Auta