Barewar da Na So In Yanka

Lahadi, 28 ga Oktoba 2018, unguwar Minguettes, gefen Lyon

Barewa ta uku ke nan da na kawo gida Raliatou ta ƙi taɓawa. Wai mushe ce, tunda kafin in iso da wuƙa ta riga ta cika. Na ce ai na yi bismilla kafin in harba. Ta ce, "Bismillarka ba wuƙa ba ce, Malam." Maƙwabta suka ci nama, ni na ci shinkafa da wake. Shekara huɗu ina farauta, matata ba ta taɓa sa naman a baki ba. Abin yana ci mini rai.

Asabar, 10 ga Nuwamba

Na samo dabara, ni sarkin wayo. Akwai harsashin da suke kira subsonique, ba ƙara sosai, ba ƙarfi. Zai kayar da ita da sauran numfashi, in ruga in yanka. Mai shagon ya ja kunnena: daga kusa kawai, kuma a huhu daidai, in ba haka ba kar in harba. Na ce to. Ban gaya masa nufina ba. Ko Ilya, da ya shigar da ni ƙungiyar mafarautan, ban gaya wa ba.

Lahadi, 18 ga Nuwamba

Wata barewa ta fito daga cikin itatuwa, ta fi taku ɗari. Na kauce wa huhu da gangan. Harsashin ya sauka ƙasa da inda na auna. Ta durƙusa, ta miƙe, ta shige daji da ƙafa uku. Ta bar ni tsaye da wuƙa a hannu.

Litinin, 19 ga Nuwamba

Ba mu same ta ba.

Laraba, 21 ga Nuwamba

Wani tsohon Bature ya zo da karensa mai bin jini. A bakin rafi muka tarar da ita kwance, ƙafar ta kumbura tana wari. Da rai. Ko yunƙurin gudu ba ta yi ba, kallona kawai take. Na yanka ta, kamar yadda na so tun farko. Naman ya lalace, a can muka binne. Ilya ya ce, "Nouhou, da mi ka halbe ta?" Na nuna masa harsashin. Ya juya ya nufi mota. Kwana uku tana wahala, ya Allah.

Asabar, 1 ga Disamba, Paris

Mun zo suna gidan Malam Sabo, yayan Raliatou. Na keɓe shi na faɗa masa komai. Ya ce, "Haba Nouhou! Wanda ya yi bismilla ya halba, ko ta cika kahin ya iso, a karatunmu ta halatta. Mi ya hana ka kira ni?" Girman kai ya hana ni, amma ban faɗa ba. Raliatou ta ji. Sai a jirgin ƙasa ta ce, "Ni ban ce ka wahalshe ta ba." Gaskiya ne, ba ta ce ba.

Lahadi, 16 ga Disamba

Na koma tsohon harsashina. Da zan fita Raliatou ta ce ta sayo albasa da yaji, in na kawo za ta ci.

Wata barewa ta fito, taku talatin, ta tsaya ta ba ni gefe. Na ɗaga bindiga, na yi bismilla. Ta gama kiwonta ta wuce. Na ce wa Ilya rana ce ta shiga idona. Ya ɗaga kai ya dubi sama. Tun asuba ake yayyafi.