Dawar da Ta Tsiro a Filin Ƙwallo

Gadarif, 11 ga Yuli, 1993

Zuwa ga ɗana Sale, a kambon ma'aikatan gona na Gadambaliya.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ke riga kowa sanin zuwan damina.

Da daɗewa na taɓa jin labarin wani direban tarakta a Simsim da ya manta bai rufe akwatin iri ba, ya shuka riɗi tun daga gona har ƙofar gidan surukansa. Na ce ƙarya ce irin ta masu zaman shayi. Shekara ashirin ina ƙaryata bawan Allahn nan. Yau ina neman gafararsa.

Ka tuna ranar tafiyarka, ka biyo da tarakta ta filin ƙwallon yaran unguwa? Ka ce ƙasa ta tsattsage da yawa, kada ɗanka Maliki ya karya ƙafa, ka ja diski, garmar tarakta, sau biyu ka rufe tsagar, yara suna ta yi maka tafi. To, ashe da sauran dawa a akwatin irin taraktar. Ruwa ya sauka ran Litinin, jiya muka wayi gari filin ya yi kore shar, layi-layi, daga raga zuwa raga. Ban taɓa ganin shukarka ta fito da kyau haka ba.

Da abin dariya ne kawai, da na ajiye maka sai ka dawo. Amma su Maliki suna da wasan farko na gasar yara ran Juma'a, ashirin da uku ga wata. Ustaz Taha mai koyar da su ya ce in filin bai gyaru ba, za a cire su daga gasar bana ɗungurungum. Yara suka zo za su tuge, sai shugaban lajna, wato kwamitin unguwa, ya tsaya tsakiyar fili da sandarsa, ya ce gwamnati ta ce mu ci abin da muka noma, ba mai taɓa ko tsiro ɗaya. Liman ma ya ce tattake abinci ba kyau.

Tun jiya Maliki bai leƙa waje ba. Abokansa na kiransa ɗan mai gona. Ka rubuto masa wani abu.

Wassalam, mahaifinka Zakari.

*

Gadambaliya, 14 ga Yuli, 1993

Zuwa ga mahaifina, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Bayan gaisuwa da girmamawa, wasiƙarka ta iso hannun direban lori. Kuskurena shi ne na ba wani ya karanta mini da ƙarfi, don hannuna duk baƙin mai ne. Yanzu kambo gaba ɗaya ba a kirana da sunana.

Baba, wallahi na duba akwatin nan. Da ido na duba, ban sa hannu ba.

In mai gona ya sake mini tarakta rabin yini, zan zo in bi ta kan dawar sau ɗaya, lajna ta yi abin da za ta yi. Sai dai muna tsakiyar shuka, ban ga alamar zai yarda ba.

A gaya wa Maliki ya daina kwanciya a ɗaki kamar mara lafiya, ƙwallo ba abinci ba ce. Kai kuma, Baba, zan faɗa maka abin da ba zan faɗa masa ba. Shekararsa uku yana buga ƙwallon nan, ban taɓa tsayawa na kalla ba. Uban Husain ya ɗinka musu riguna, uban wani ya ba su raga. Ni ba abin da na iya sai tuƙi, shi na yi masa, ga inda ya kai shi. Ko an yi wasan ba zan zo ba. Ba ni da fuskar da zan tsaya da ita a bakin filin nan.

A gaishe da Batulu da yara.

Ɗanka mai biyayya, Sale.

*

Gadarif, 20 ga Yuli, 1993

Abu Maliki, sallama da fatan alheri.

Baba ya karanta mini wasiƙarka, har wurin da ka ce shi kaɗai. Kada ka kuskura ka kawo taraktar nan unguwa, mun gode da na farko.

Da na ga maza kwana huɗu suna taro a ƙofar masallaci ba su yanke komai ba, na ɗauki mayafina na tafi gidan shugaban lajna. Na ce, “Hajji, dashe haramun ne?” Ya ce a'a. Na ce, “Gwamnati ta hana?” Ya ce bai ji ba. Na ce to bayan gidanka akwai jubraka, 'yar gonar nan da ba ka shuka komai ba bana, kwanon farko naka ne.

Jiya da safe bayan ruwa, iyayen yara mata muka fito mu goma sha tara, kowa da kwanonta. Muka cire dawar da saiwarta, aka raba gida-gida. Inna Atika, kakar mai tsaron raga, tana cira tana sa maka albarka, wai irinka mai kyau ne. Laka har gwiwa. Da ƙasa ta sha iska, sai ga mazan sun zo, aka cika gangar mai sayar da ruwa, suna gangara ta suna danne fili. Har Baba ya sa hannu, yanzu yana kwance yana zagin gwiwarsa.

Maliki shi ne a gaba wajen turi. Maganar ƙwallo ba abinci ba ce ban isar masa ba, kai ka zo ka faɗa masa da bakinka in za ka iya. Sau biyu yana tambayata ko akwai lori daga Gadambaliya ran Juma'a. Na ce ban sani ba.

Ka zo. Da ƙafarka.

Allah ya tsare, Batulu.

*

Gadarif, 24 ga Yuli, 1993

Ɗana Sale, assalamu alaikum.

An yi wasa jiya bayan la'asar. An ci mu biyu, mun ci ɗaya, amma muna cikin gasa, saura wasa shida. Tamu ɗin Husain ne ya ci, Maliki ya miƙa masa. Matarka ta yi guɗa, shugaban lajna ya juyo zai yi magana, sai ya fasa. Dawar da aka dasa masa ta kama.

Ba abin da ya rage sai godiyar Allah. Ka kula da kanka.

Mahaifinka, Zakari.

Af, na manta. Ana ta cewa wata lori ta tsaya can bayan fili, da wani mutum a saman kaya ya naɗe fuska da rawani. Wai da aka ci ƙwallon nan ya yi tsalle har ya kusa faɗowa, kuma kafin a tashi lorin ta juya ta kama hanyar Gadambaliya. Mai shayi ta faɗa mini, na ce idonta ne. Ustaz Taha ya faɗa mini, na ce masu rawani yawa gare su. Yau da safe kuma wani ya kawo mini shayi, ya ce tun kafin a fara wasa ya gane mutumin daga tsayuwarsa, in rubuta masa cewa wani karon ya sauko, akwai wuri a bakin fili. Shi ne na ƙarshen faɗa mini, shi kuwa ban ƙaryata shi ba. Maliki ne.